Inji ya iso, baki ya ƙi shiga: Yadda ake zaɓen bakin huda ƙarfe da ya dace da inji mai maganaɗisu

Duk wanda ya kewaya Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa a ƴan shekarun nan zai lura da yadda ginin ƙarfe ke ƙara samun wuri. Manyan rumbunan ajiyar kaya, rumfunan gidajen mai, ƙafafun tankunan ruwa da ake kira shato, turakun eriyar tarho da teburan ɗora faifan sola, akasarinsu ƙarfe ne da ake haɗawa da noti. Kowane noti kuwa sai an huda masa rami, kuma ramin dole ya zauna daidai wurin da zanen injiniya ya nuna.

A manyan ayyuka irin su matatar mai ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai ƙarfin megawat 30 da aka kammala a 2023, ko bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, babu injiniyan da zai karɓi ramin da aka fasa da sandar walda, mai ƙonannen baki da karkatacciyar siffa. Haka abin yake tafiya sannu a hankali har a ƙananan kwangiloli. Shagon da ke son a ba shi irin wannan aiki yana bukatar injin huda ƙarfe mai maganaɗisu, wanda takardun ƴan kasuwa ke kira perceuse magnétique da Faransanci.

Ga matasan da ke aiki a Libiya, Aljeriya, Saudiyya ko Faransa, irin wannan inji jari ne mai kyau da za a iya aika wa ƙane ko aboki a gida. Sai dai akwai tarkon da mai saye kan faɗa ba tare da ya sani ba. Injin da bakinsa ba lallai ne su zo tare ba, kuma ba kowane baki ne ke shiga kowane inji ba. Sau da yawa matsalar ba ta bayyana sai ranar da aka buɗe kwali a shago, lokacin da shagon da aka yi sayayya ya riga ya kasance a wata ƙasa.

Abin da ya bambanta wannan baki da saura

Injin kansa ba shi da wuyar fahimta. Mota ce ta lantarki da ke hawa da sauka a kan turke, a ƙarƙashinta kuma akwai maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, wanda ke manne injin a jikin ƙarfen da za a huda. Maimakon a ɗauki ƙarfen IPN mai tsawon mita 12 a kai shi wurin inji, injin ake ɗauka a kai wurin ƙarfe, ko yana kwance a ƙasa, ko yana tsaye, ko ma yana sama da kan ma'aikaci.

Bakin da ake saka masa shi ne abin lura. Murɗaɗɗen bakin da kowa ya sani yana niƙe duk ƙarfen da ke cikin ramin ne ya mai da shi ɓarɓashi. Wannan kuwa kamar ɗan kofi yake da aka kifa, cikinsa kogo, haƙoransa a jere a gefen baki. Zobe kawai yake yankewa, sai guntun ƙarfen tsakiya ya faɗo ɗungurungum. Don haka za a iya kiransa bakin zobe. Da Faransanci ana rubuta shi fraise à carotter, wasu kuma su ce trépan.

Lissafi ne ke nuna amfaninsa. A ramin milimita 40, murɗaɗɗen baki sai ya cinye fili mai kimanin murabba'in milimita 1,250. Bakin zobe mai kaurin haƙora milimita 4 kuwa abin da zai ci kimanin 450 ne, wato kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗori. Shi ya sa ƙaramin inji da mutum ɗaya zai iya ɗauka yake iya buɗe ramin da a da sai babban injin masana'anta, kuma ba sai an fara da ƙaramin baki ana ƙarawa mataki-mataki ba.

Wani Ba'amurke mai suna Douglas Hougen, daga jihar Michigan, shi ya ƙirƙiro bakin a siffarsa ta yanzu, ya kuma yi masa rajista a 1973 da sunan Rotabroach. Daga nan kamfanoni a Ingila, Jamus, Japan, daga baya kuma Sin da Indiya, suka shiga ƙera nasu. A nan ne matsalar rashin dacewa ta samo asali, domin wasu daga cikin kamfanonin kowanne ya fito da nasa salon riƙe baki.

Wutsiya ce wurin dubawa na farko

Sashen bakin da ke shiga cikin inji, wanda za a iya kira wutsiya, shi ne ke fara yanke hukunci. Idan wutsiya ba ta dace da mariƙin inji ba, sauran bayanai duk ba su da amfani.

Salon da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Weldon 19. Kaurin wutsiyarsa milimita 19.05 ne, daidai da kashi uku cikin huɗu na inci, kuma an shafe ta a gefe biyu da suka yi kusurwa da juna. Ƴan ƙananan notuna biyu da ke jikin mariƙi ne ake ɗaurewa da makulli mai kusurwa shida su danne waɗannan shafaffun wurare. Akasarin injinan Turai da kusan duk masu araha na Sin wannan salon suke bi. Manyan bakuna, galibi waɗanda faɗinsu ya haura milimita 60, suna zuwa da babbar wutsiya mai suna Weldon 32, mai kaurin milimita 31.75, wadda sai babban mariƙi.

Kamfanin Fein na Jamus, wanda shi ya ƙera injin huda na hannu mai lantarki na farko a 1895, yana da nasa salon mai suna QuickIN. Kaurin wutsiyarsa milimita 18 ne, kuma ana maƙala ta ne ba tare da makulli ba. A ido, bambancin milimita ɗaya ba ya fitowa, musamman a hoton waya. Amma wutsiyar Weldon ba za ta shiga mariƙin QuickIN ba sam, ita kuma ta QuickIN idan aka zura ta a mariƙin Weldon za ta riƙa rawa a ciki, ramin ya fito a karkace ko haƙora su karye.

Kamfanin Nitto Kohki na Japan shi ma yana da nasa. Kaurin wutsiyarsa ɗaya ne da na Weldon, amma maimakon shafaffun gefe, ƴan ramuka uku ne zagaye da ita, inda ƙwayoyin boris na cikin mariƙi ke faɗawa su kulle ta. Saboda haka bakin Weldon na iya shiga injin Nitto amma ya ƙi kulluwa. Don magance wannan ne wasu kamfanoni ke ƙera wutsiyar gama-gari mai ɗauke da shafaffen gefe da kuma ramukan uku, wadda ke aiki a injinan biyu.

Akwai kuma wani mataki a manyan injina. Su mariƙin ana cire shi, domin yana shiga ne cikin wani rami mai tsukewa da ake kira Morse, mai lambobi. Abin da kan rikita mai saye shi ne suna ukun da abu ɗaya ke ɗauke da shi: takardar Ingilishi za ta ce MT2 ko MT3, ta Faransanci ta ce CM2 ko CM3, ta Jamusanci ta ce MK2 ko MK3. Lambar ce abin dubawa. Mariƙi mai lamba 2 ba ya zama a inji mai lamba 3 sai da hannun riga na ƙarfe da ake sawa a tsakani.

Ana sayar da mahaɗi da ke ba injin Fein damar karɓar bakin Weldon, akwai kuma na akasin haka. Yana aiki, amma yana ƙara tsawon baki, yana rage sararin da ke tsakanin haƙora da ƙarfe, sannan yana bukatar tsinken tsakiya mafi tsawo. Ga shagon da ke Maraɗi ko Tawa, inda idan baki ya karye ba a samun madadinsa a bayan layi, inji mai karɓar Weldon 19 kai tsaye shi ne ya fi kwanciyar hankali, domin bakinsa ne mai saye ya fi samun damar cin karo da shi a ko'ina.

Tsinken da ake rainawa

A tsakiyar kowane bakin zobe akwai wani siririn ƙarfe mai tsini da ke leƙowa ƙasa da haƙora. Mutane da yawa kan ɗauka ƙari ne kawai, har a manta da shi a lissafin saye. Alhali ba a iya aiki mai kyau sai da shi. Tsininsa ne ake saitawa a kan alamar da aka buga a jikin ƙarfe, ta haka ramin ke zama inda ake so. Yayin da baki ke nutsawa, tsinken na turuwa sama ya buɗe hanyar ruwan sanyaya da ke gangarowa ta cikin mariƙi zuwa haƙora. Da ramin ya fasa kuma, sifirin da ke bayansa ya turo shi ƙasa da ƙarfi ya fitar da guntun tsakiya.

Tsinken yana da kauri da tsawo, kuma duka biyun dole su dace da baki. Kaurin da aka fi samu milimita 6.35 ne. Wasu kamfanoni na amfani da na milimita 8 a bakunan da ke da haƙoran kabayid daga faɗin milimita 18 zuwa sama, ƙananan bakuna kuma a wasu kamfanonin tsinkensu bai kai milimita 5 ba. Ta fuskar tsawo, gajeren baki kan tafi da tsinke mai kimanin milimita 77, dogo mai zurfin 50 ko 55 kuma da mai kimanin 102.

Idan aka sa gajeren tsinke a dogon baki, tsinin ba zai leƙo ba, ruwa ba zai sauko a kan lokaci ba, guntun kuma zai maƙale a ciki. Daga nan sai yaron shago ya ɗauko guduma da ƙusa ya fara bugu, wanda shi ne hanya mafi sauri ta fasa haƙora. Tsinke ba shi da tsada idan aka kwatanta da baki, don haka mai hikima kan sayi biyu ko uku ga kowane tsawo.

Daga noti ake fara lissafi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi inji tukuna, sannan a fara tunanin ramin da za a huda. Tsarin da ya dace shi ne a faro daga aikin. Wane noti za a ɗaura, wane rami yake bukata, ƙarfen nawa ne kaurinsa, sannan a nemi baki da injin da za su iya.

A ƙa'idar Turai ta EN 1090-2, wadda injiniyoyi da yawa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ke aiki da ita, ramin noti kan fi notin faɗi kaɗan. Noti M12 da M14 ana ƙara musu milimita 1. Daga M16 zuwa M24 ana ƙara 2. Daga M27 zuwa sama ana ƙara 3. Ke nan M16 na bukatar rami 18, M20 na bukatar 22, M24 kuma 26. Shagon da ke aikin rumbuna da shato zai ga cewa bakuna huɗu ko biyar ne ke ɗaukar kusan duk aikinsa: 14, 18, 22, 26, wataƙila da 30. Ya fi riba a sayi bibbiyu na waɗannan da a sayi akwati mai bakuna goma sha biyu wanda rabinsu za su shekara ba a taɓa su ba.

Waɗanda ke saye a Amurka ko Kanada sai sun ƙara hattara, domin can da inci ake awo. Bakin 13/16 na inci, wanda a can shi ne na notin 3/4, faɗinsa milimita 20.6 ne. Notin M20 zai shiga, amma sararin da ya rage bai kai milimita ɗaya ba, kuma ranar haɗa ƙarfe a sama, inda ramuka huɗu ko takwas za su fuskanci juna lokaci guda, wannan matsi zai tsayar da aiki. Bakin 7/8, mai milimita 22.2, shi ne ya fi kusa da 22.

Bayan faɗi sai zurfi. Bakunan suna zuwa ne da zurfin yanka na milimita 25 ko 30, sai 50 ko 55, sai 75, sai 100 zuwa 110. Wani zai ga kamar sayen dogo dabara ce tunda zai huda siriri da mai kauri. Amma dogon baki ya fi tsada, ya fi saurin karyewa idan inji ya ɗan motsa, kuma a ƙaramin inji yana iya cinye duk sararin hawa da sauka har a rasa yadda za a ɗaga shi daga kan ƙarfe. Fukafukan IPN da IPE da ake amfani da su a gine-gine na yau da kullum ba su kai kaurin milimita 25 ba, saboda haka gajeren baki ya wadatar a yawancin ayyuka.

Kowane inji yana da iyakar faɗin da zai iya juyawa, kuma sau da yawa lambar tana cikin sunansa: 32, 35, 50, 100. Bakin milimita 50 mai wutsiyar Weldon 19 zai shiga injin 35 ba tare da gardama ba, domin wutsiyar ɗaya ce. Shigarsa ba ta nufin motar za ta iya ɗaukarsa. Ko dai motar ta yi zafi ta ƙone, ko ƙarfin juyin ya fi ƙarfin maganaɗisu injin ya goce.

Akwai kuma ayyukan da bakin zobe ba nasa ba ne. Ba ya yin ramin da ba ya fasawa, domin guntun tsakiya ba shi da mafita. Bai dace da faɗaɗa ramin da aka riga aka huda ba, tunda tsinken ba zai samu wurin tsayawa ba. Ƙasa da milimita 12 kuma murɗaɗɗen baki ake komawa, tare da kan riƙo na musamman da ake ɗaura wa injin. Idan faranti biyu ne a haɗe, baki na yau da kullum na huda na sama ne kawai, sai a ɗaga a cire guntun kafin a ci gaba, in ba haka ba guntun zai riƙa juyawa da baki yana hana shi ci.

HSS ko TCT

A jikin kwali ko wutsiya za a ga ɗaya daga cikin alamu biyu. HSS na nufin bakin gaba ɗayansa ƙarfe ne mai jure zafi. TCT na nufin an liƙa masa ƴan haƙora na tungsten kabayid, wanda ya fi ƙarfe tauri nesa ba kusa ba.

HSS ya fi araha a ƙananan awo, yana yafe kuskuren ɗan koyo, kuma ana iya wasa shi idan ya dakushe. Sai dai wasin na bukatar inji na musamman, domin haƙoran suna da kusurwa daban-daban kuma dole su tsaya a tsawo ɗaya. Wasin hannu a dutsen shago kan bar haƙori ɗaya ya fi saura tsawo, shi kaɗai ya ɗauki nauyin aiki har ya karye. Akwai HSS da aka gauraya da kobal, mai alamar M35 idan kashi 5 ne cikin ɗari, ko M42 idan kashi 8 ne, wanda ya fi jure zafi da ƙarfe mai ɗan tauri.

TCT ya fi sauri, ya fi daɗewa, kuma shi ne ke iya wa ƙarfe marar tsatsa, wanda ake kira inoks, da sauran ƙarafa masu tauri. Layin dogo, irin wanda ake shimfiɗawa tsakanin Kano da Maraɗi mai tsawon kilomita 284, yana da nasa bakin TCT na musamman saboda taurin ƙarfensa. Raunin TCT shi ne rashin jure girgiza. Haƙorin kabayid ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi, kuma idan ya ɓalle galibi bakin ya tashi aiki ke nan.

Saboda haka ga ƙarfen gini na yau da kullum da ramuka ƙasa da milimita 30, musamman a shagon da ƴan koyo ne ke riƙe inji, HSS ya isa. Ga manyan ramuka, ƙarfe mai tauri ko aikin ɗaruruwan ramuka a hannun wanda ya ƙware, TCT ne ke mayar da kuɗinsa.

Gudun inji ma wani awo ne

Baki na iya dacewa da mariƙi, tsinke ya yi daidai, amma ya ƙone cikin ramuka goma saboda gudun injin bai dace da shi ba. Ƙa'idar ita ce, iya girman baki iya raguwar juyin da yake bukata. Ga HSS a ƙarfen gini, ƙiyasi mai sauƙi shi ne a raba 8,000 da faɗin baki. Bakin 14 na son juyi kimanin 570 a minti, na 22 kimanin 360, na 35 kimanin 230, na 50 kuma 160. Ga TCT ana iya raba 12,000, wanda ke ba bakin 22 kimanin 545, na 35 kuma 340. A inoks ana rage waɗannan zuwa kusan rabi. Idan kamfanin bakin ya ba da nasa jadawalin, shi ne a gaba.

Ƙananan injina da yawa gudu ɗaya gare su, galibi tsakanin 400 da 700 a minti. Irin wannan inji ya dace da HSS a ƙananan awo, amma idan aka sa masa HSS na milimita 35 zai juya shi ninkin abin da ya kamata, haƙora su yi shuɗi su mutu. A wannan yanayi TCT ne ya fi dacewa da injin, duk da tsadarsa. Wanda ke da niyyar aiki da awo daban-daban gara ya nemi inji mai giya biyu ko mai maɓallin rage gudu.

Maganaɗisu da wutar gida

Ƙarfin riƙon da ake rubutawa a takarda, wanda a ƙananan injina kan kai tan ɗaya ko fiye, an auna shi ne a kan faranti mai kauri, yawanci milimita 25, mai santsi da tsabta. A kan ƙarfen da bai kai milimita 10 ba riƙon na raguwa sosai, sai an sa wani faranti a bayansa. Tsatsa, fenti mai kauri, yashi ko ɓarɓashi a ƙarƙashin injin duk suna rage riƙo. Maganaɗisu ba ya kama alminiyom da yawancin inoks, a kan bututu kuma sai da mazauni na musamman. Da yawa daga cikin bakunan da ake zargin jabu ne, injin ne ya ɗaga ya karya su.

Abin da ya fi shafar Nijar shi ne ɗaukewar wuta. Maganaɗisun akasarin injinan da lantarki yake aiki, kuma da wuta ta tafi yake saki. Inji mai nauyin kilo 12 zuwa 20 da ke manne a jikin ƙarfe a saman rumbu zai faɗo nan take, a kan ma'aikaci ko wanda ke ƙasa. Shi ya sa kowane inji ke zuwa da ɗamara ko sarƙa, kuma ɗaura ta wajibi ne a duk aikin tsaye ko na sama. Akwai injina masu batir da maganaɗisun dindindin da ba ruwansa da wuta, kuma ga mai aiki a ƙauyuka sun cancanci a duba su. Wanda ke aiki da janareta, wato gurup, sai ya tabbatar ƙarfinsa ya zarce na injin sosai kuma mai ba zai ƙare a tsakiyar rami ba. Kamfanoni na kuma gargaɗin kada a yi walda a jikin ƙarfen da injin ke manne da shi, domin wutar waldar na iya lalata shi.

Wutar Nijar bolt 220 ce. Injinan Faransa, Aljeriya, Libiya da Najeriya sun dace da ita. A Ingila kuwa injinan wuraren gini da yawa na bolt 110 ne, masu filogi ruwan ɗorawa, a Amurka da Kanada kuma 120. Waɗannan sai da taransifoma, in ba haka ba jona su sau ɗaya ya isa ya ƙone su.

Ruwa da hannun ma'aikaci

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, huda ba ruwan sanyaya kashe baki ne. Abin da ya dace shi ne man yanka da ake gaurayawa da ruwa ya yi fari kamar madara. Baƙin man mota ba ya sanyayawa yadda ya kamata, hayaƙi yake yi, ga datti a cikinsa. A aikin sama da kai, inda ruwa zai kwarara cikin mota, man shafawa mai kauri ake sa wa haƙora. Ƙurar hunturu kuma idan ta haɗu da mai a kan turken inji tana cinye shi, kan injin ya fara lilo, lilon kuma ya karya baki. Goge turken da ɗaure notunan gefensa lokaci-lokaci na tsawaita ran bakuna.

Ana fara rami ne a hankali har haƙora su kafa zobe, sannan a ƙara dannawa da nauyi ɗaya ba tare da fizga ba. Zaren ƙarfen da ke fitowa yana da kaifi kamar reza, da ƙugiya ake janye shi bayan inji ya tsaya. Safar hannu da riga mai faɗi haɗari ne kusa da baki mai juyawa, tabarau kuma dole ne. Guntun tsakiya na fitowa da zafi da ƙarfi, don haka ba a barin kowa a ƙarƙashi.

Kafin kuɗi su fita

Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke zagayowa, abin da ya ƙara tsawon jira. A kasuwar Katako ta Yamai ko Ƙofar Ruwa ta Kano mutum na iya dacewa da baki, amma babu tabbacin samun awon da yake so da wutsiyar da yake so a ranar da yake so. Baki ɗaya da bai dace ba na iya tsayar da kwangila makonni, mai aiki kuma ba zai jira ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ɗan'uwan da ke waje, kafin ya biya, ya kamata ya sa a turo masa hoton farantin bayanan da ke jikin injin, hoton mariƙi daga ƙasa, da hoton wutsiyar wani tsohon baki idan akwai, tare da awonta da ma'aunin kauri. Ya tambayi notunan da shagon ya fi ɗaurawa da kaurin ƙarfen da ya fi hudawa. Idan injin ne da kansa za a saya, mafi aminci shi ne a saye shi da bakunansa da tsinkayensu a shago ɗaya, a sa mai shagon ya ɗaura kowane baki a gabansa, a duba cewa ɗamara, makullai da tankin ruwa suna cikin akwati, sannan a rufe a kai wa mai ɗaukar kaya.